Ranar da Aka Tare Jirgin Sale

Makon jiya na shiga Gwarzo ta'aziyya, a hanyar dawowa na tarar mutane sun yi cincirindo a shingen 'yan sanda kamar ana rabon taki. Na ce wa mai babur ɗin da ya goyo ni ya ɗan tsaya mu ga abin da ya faru. Ashe ba hatsari ba ne, wani ne ya zo da mota da aka yi wa kwalliya, ƙofofinta sama suke buɗewa, an shafe ta da wani fenti mai ɗaukar ido. 'Yan sandan sun tare shi, amma ba wanda ya tambaye shi takarda. Kowa ya zaro waya yana hoto, har mai igiya uku ya cire hula ya jingina da ita yana murmushi. Jama'a na ta dariya, ni kuwa sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na san shi sarai, ƙyashi ne. Da furfurata, da jikokina, da haƙorana da suka zube, wai har yau in ga an tare mota ana sha'awarta sai raina ya ɓaci. Na ce wa mai babur mu tafi kawai.

Ni ɗan fari ne, kuma sai an san wannan kafin a gane sauran maganar. Yanzu ina ganin uba ya saɓa ɗansa na fari a kafaɗa ya shiga kasuwa da shi, yana kiran sunansa da ƙarfi, yana saya masa abin sanyi. A zamaninmu wannan rashin kunya ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa wanda ke kusa a kira masa mutumin nan. In na yi noma mai kyau, maƙwabta ne za su yaba, shi sai dai ya dubi kunyoyin ya wuce. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ma hira, in na shigo zaure yana dariya da abokansa sai dariyar ta ragu. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka tarar ana yi, shi ma haka ubansa ya yi masa. Amma saninka da cewa al'ada ce ba ya hana abin ya yi maka ciwo. Ƙanena Sale kuwa, autanmu, shi ne mai jan gemun Baba, shi ne mai cin sauran tuwonsa, sunansa kuma a bakin Baba sau ashirin a yini.

Abu ɗaya nake da shi wanda Sale ba shi da shi, wato Juma'a. A lokacin ƙauyukanmu na ƙasar Kara ba su da masallacin Juma'a, sai an je Gwarzo. Da na yi cin rani shekara biyu na haɗa da kuɗin gyaɗa na sayi babur, sai kai Baba masallaci ya zama aikina. Sauran kwanaki kabu-kabu nake yi, ina ɗaukar mutane da buhuna, amma ranar Juma'a ba na ɗaukar kowa. Da hantsi zan wanke babur ɗin a bakin rijiya, in goge shi har waya-wayan ƙafa. Mata na daka, ana jin turame suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, wanzami na zaune a gindin darbejiya mutane na jiran layi, ƙamshin turare na tashi daga kowane zaure. Baba zai fito da farar rigarsa mai shuni da lema a hammata, ya hau ba tare da ya ce komai ba. Sai ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata. In mun tunkari rami ya ɗan matsa, in na yi gudu ya matsa sosai, in hanya ta miƙe ya saki hannun ya bar shi nan kwance. Wallahi wannan hannun shi ne duk hirar da na taɓa yi da ubana, kuma ta ishe ni. Ina sane nake rage gudu don tafiyar ta yi tsawo.

Sai ostariti ta shigo, lokacin tsuke bakin aljihu. Yaran yanzu suna kukan tsada, kuma ban ce ƙarya suke ba, amma su aƙalla suna ganin kayan a kanti. Mu sabulu ma sai an bi layi, madara ta zama abin labari, sukari sai gidan da aka yi haihuwa. Kayan gyaran mota da na babur suka ɓace. Taya in ta fashe ɗinke ta ake yi, a cusa mata tsumma. Motoci da yawa aka ɗora su a kan duwatsu a ƙofar gidaje, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Kowa ya koma ɗan dabara, wanda ba shi da dabara ya koma tafiyar ƙasa.

Sale tun yana ƙarami ba ya barin abu da rai. Rediyon Baba sau uku yana kwance shi, da ni ne da na sha bulala, shi kuwa sai aka ce yaron akwai kai. A makarantar firamaren garinmu akwai wani malami, Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune da iyalinsa a unguwarmu, matarsa tana sayar da man ja. Yana da wani littafi mai zanen injuna, shi ya haɗa su. Kullum bayan la'asar suna gindin tsamiya, malami na zane a ƙasa da tsinke, Sale na buga ƙarfe. Suka samo gawar wata mota ƙirar kunkuru da aka yar a bayan tasha, suka yanke kanta, suka ɗora mata injin ban ruwa a baya da bel. Aka yi mata jiki da katako, aka shafe ta kore da rawaya, aka jera mata madubai na mata zagaye, aka kafa lema babba a sama. Hon ɗinta na roba ne, irin na masu sayar da burodi. Ni na fi kowa yi musu dariya. Na ce in wannan abin ya motsa in ci hulata.

Ranar da ya motsa ina gona. Na ji wata ƙara, tuf-tuf-tuf, kamar an ɗauko injin niƙa ana yawo da shi, sai ihun yara da guɗar mata. Kafin magariba an sa masa suna Jirgin Sale. Dagaci da kansa ya fito ya sa albarka, aka raba goro. Baba ya zagaya shi sau biyu yana taɓa katakon, yana cewa Sale, Sale, kai dai Allah Ya yi maka albarka. Ina tsaye da fartanya a kafaɗa. Ranar da na kawo babur ɗina, sabo fil da ledarsa, abin da ya ce shi ne a yi hankali da shi.

Ba a yi wata guda ba, wata Juma'a na wanke babur ina jira a ƙofar gida, sai Inna ta aiko a ce mini Baba ya ce in yi tafiyata, yau da Sale zai tafi. Haka kawai, ba dalili. Na ga an fito da shi an zaunar a kujerar gaba, wata kujerar bas ce da suka lulluɓe da atamfa, Sale na gyara masa riga. Suka tashi da ƙararsu. Na bi su a baya, bayana fayau ba kowa. Juma'a ta gaba ma haka, ta gabanta ma haka. Na daina tambaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shingen bakin gari. 'Yan sanda kan ajiye katako mai ƙusoshi da ganga biyu a wurin, babbansu wani kofur dogo ne mutumin Filato, ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ni ina da takarduna cif, lasisi, inshora, har hular kwano nake sawa a wannan zafin. In na zo, ko dai a tare ni a juya takardun gaba da baya ana neman aibu, ko a ɗaga mini hannu in wuce ba tare da an dubi fuskata ba. Amma daga an jiyo tuf-tuf-tuf daga nesa sai ka ga duk sun miƙe. Kofur zai tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya ce jirgi ya sauka. Ya sara wa Baba, ya gaishe shi da gida da gona da jiki. Wannan ya matsa hon, wancan ya duba gashin bakinsa a madubi, wani ya leƙa injin yana tambayar Sale yadda ake ba ta baya. Masu rake da masu ƙosai su taru, direbobin manyan motoci su sauko kallo. Kofur yakan ce wa Baba ya haifi ɗa. Baba ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai. Ni ina can gefe a kan babur da injin a kashe, ina jira a janye katako, babu wanda ya san tare muke. Abin ba shi da lamba, ba shi da takarda ko ɗaya, amma shi ake wa maraba, ni mai bin doka ni ne ba a gani.

Ƙyashi ba ya zuwa da hayaniya, a hankali yake cin mutum. Na daina jin daɗin tuwo. In na ji ƙarar jirgin ina cikin salla sai in manta raka'a ta nawa nake. Na fara cewa a majalisa wai wata rana injin nan zai kama da wuta, wai katako ba abin hawa titi ba ne. Mutane suka ce ai yayansa ne, tausayi ne yake sa shi faɗa. Ni na san ba tausayi ba ne. Ranar Juma'a da ya kamata in yi ta jigilar masu zuwa masallaci tunda bayana ya zama ba kowa, sai na ƙi. Duk wanda ya tsayar da ni in ce akwai mai wurin. Ina bin jirgi a baya kamar rakiyar gawa, ina cika ina batsewa.

Ana nan aka kawo sabon saje. Lokacin yaƙi da rashin ɗa'a ne, ana sa manya tsallen kwaɗo a kan layi, shi kuma ya zo da zafinsa, ba ya dariya, ba ya karɓar goro. Wata Alhamis da safe na tarar da shi shi kaɗai a wurin mai shayi kusa da shingen. Har na wuce na dawo. Na gaishe shi, na zauna, na ce ranka ya daɗe ni dai tambaya ce da ni, ta neman sani. Na ce shin doka ta yarda abin da ba shi da lamba ba shi da takarda ya riƙa ɗaukar mutane a titin gwamnati? Ya dube ni ya ce ina abin yake. Na ce ni ban ce akwai ba, amma in ya tsaya nan gobe kafin azahar zai ga abin da zai gani. Ban faɗi sunan kowa ba, kuma shekaru na yi ina fakewa da wannan. A zatona zai yi musu tsawa ne ya ce kada a sake hawa babban titi da shi. Daga nan jirgi ya koma yawon ƙauye, Baba kuma ya dawo bayan babur ɗina. Iyakar lissafina ke nan.

Washegari na wanke babur kamar kullum. Akwai wani tsohon bargo da nake ninkawa huɗu in ɗaure a kujerar baya saboda ƙugun Baba, don kujerar ta yi tauri. Ba wanda nake ɗaura wa shi sai shi, kuma tun da ya koma jirgi bargon na rataye a ƙusa a ɗakina. Ran nan na sauko da shi, na kakkaɓe, na ninka, na ɗaure da roba ta gaba ta baya, na ja na tabbatar ba ya zamewa. Ban ga komai a cikin hakan ba. Ina ta murna ne kawai, har ina ɗan fito.

Da su Baba suka tashi na ba su rata na biyo baya. Kafin in iso har an tare su, amma ba irin tarewar da aka saba ba. Saje na tsaye da sanda a hammata, kofur ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Aka ce Sale ya kawo takardu, ya ce ai shi ya ƙera ta. Aka ce ina lambar inji, ya ce injin ban ruwa ne. Masu kallo suka yi dariya, dariyar ta ƙara tunzura sajen. Ya ce dattijo ya sauka. Sale ya durƙusa a kan kwalta yana roƙo a bari ya kai mahaifinsa masallaci ya dawo ya kawo kansa. Kofur ma ya matsa ya yi magana ƙasa-ƙasa, aka daka masa tsawa a gaban jama'a. Suka cire bel ɗin, aka sa wasu 'yan dako suka tura jirgin zuwa ofis, Sale na biye da su ba hula. Baba ya rage a bakin titi da farar rigarsa da lemarsa, mutanen da suka saba taruwa yi masa barka suna satar kallonsa.

Na matso da babur na tsaya a gabansa. Na ce, "Baba, hau mu tafi, kada mu rasa huɗuba."

Bai dube ni ba, kujerar baya ya duba. Ya daɗe yana dubanta. Ya miƙa hannu ya taɓa bargon, ya bi robar da yatsa har inda na ƙulle ta. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "An ɗaure shi da kyau. Wannan ba ɗaurin gaggawa ba ne."

Nan na san ya gano ni. Ya naɗe rigarsa ya hau, don salla ta fi ƙarfin fushi. Na tayar muka tafi. Ina jira, ina jira, har muka faɗa wani rami da na gani sarai na ƙi kaucewa. Hannun bai zo ba. Ƙarfen baya ya riƙe har ƙofar masallaci, da aka idar kuma ya biyo wata motar itace ya koma gida.

Jirgin bai sake fitowa ba. Sale da Malam Bitrus sun yi zarya har sun gaji, daga wannan ofis a tura su wancan, babu wanda ya san irin takardar da ake ba abin da ba kamfani ne ya yi shi ba. Aka canza sajen, wanda ya zo ya ce shi bai san zancen ba. Damina biyu ta sauka a kansa a harabar ofishin, gara ta cinye katakon, aka zare maduban ɗaya bayan ɗaya, kaji suka riƙa ƙwai a kujerar Baba. In na zo wucewa sai in juya kai. Baba kuwa bai taɓa tayar da maganar ba, da ni ko da wani a gabana. Ranar Juma'a tun da sanyin safiya zai ɗauki sandarsa ya kama hanya a ƙasa, wai ƙafafunsa na son motsi. Sau biyu ina cim masa a hanya in tsaya, ya ce in je, yana tafe. Haka ya yi ta yi har aka buɗe masallacin Juma'a kusa da mu, haka kuma muka zauna har Allah Ya karɓi abinsa. Ni na shiga kabari na karɓe shi, a matsayina na babba.

Shekaru suka tafi. Sale ya koma Kabo ya buɗe wurin walda, yana yin ƙofofi da amalanke, bai sake ƙera abin hawa ba. Muna zumunci, muna haɗuwa a suna da biki, yana durƙusawa ya gaishe ni. Sai aka zo lokacin Shari'a, gari ya ɗauki wa'azi, ko'ina lasifika, ko'ina zancen haƙƙin mutane da yadda ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Na ga wanda ya mayar da iyakar gonar da ya ci, na ga wanda ya je neman gafarar matar da ya saka tun da daɗewa. Ni ba alƙali nake tsoro ba, laifina ba ya cikin wanda ake kaiwa kotu. Amma in na kwanta rigingine sai in ga Sale a durƙushe a kan kwalta. Wata Talata na shirya na tafi Kabo.

Na same shi da baƙin gilashi a goshi. Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan shago, ya aika a kawo fura. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Sannan na faɗa masa komai, da mai shayi, da tambayar neman sani, ban rage ba. Yana saurare yana wasa da wani guntun ƙarfe. Ya ce ya sani tun ranar, kofur ne ya gaya masa, kuma Baba ya hana shi ko da nuna mini a fuska. Ya ce ya yafe tuntuni, duniya da lahira. Na ce na gode. Har na fara neman takalmina sai ya ce akwai abin da shi ma ya riƙe, bai san ko ya kamata ya faɗa ba.

"Yaya, Baba fa ba ya son jirgin nan. Tsoronsa yake ji, duk tafiyar salati yake yi. Shi ya kira ni ya ce, yayanka ranar Juma'a ce ranar samunsa, ni nake cinye masa ita, ga iyali ga wannan matsi. Ya ce yaron kirki ne, ba zai taɓa cewa ya gaji ba, ni kuma bakina ba zai iya gaya masa ba. Ka riƙa ɗaukata a wannan abin naka."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce yaron kirki ya ce, da bakinsa? Ya ce wallahi da bakinsa, a zaure, yana gyara carbi. Sale na hawaye, ya kama hannuna yana cewa in yi haƙuri, shi ya zaci zan ji sanyi. Na ce na ji, Allah Ya ji ƙan Baba. Ban sha furar ba.

A motar dawowa na yi ta jira in ji nauyin ya sauka, tunda an yafe mini, tunda ashe ba a taɓa ture ni ba. Kunya ta zo, nadama ta zo, na yi kukana a cikin hannun riga. Amma da muka wuce Gude na laluba zuciyata, sai na tarar da abin nan yana zaune daram inda na bar shi. Duk tsawon rayuwar Baba magana ɗaya mai daɗi ya yi a kaina, ita ma kunnen Sale ne ya ji ta.